Rigar Aro a Gidan Ɗanhausa

Zangon kamfani, Ƙanƙara
Watan Janairu, 1976

Zuwa ga baiwata Lidiya ɗiyar Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa da hwatan kina lahiya kamar yadda nike nan lahiya lau, har tumbi na aje. Ina Alheri, ta hwara wayo? Ina kuma na cikin ciki, shina motsi? Ki yi haƙuri da rubutun, wata biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci malamin ya gudu, wasu sun ce don ni ne. In kin ga baƙi ya kwanta ki tada shi.

Bayan haka mijinki Gide ya iso lahiya, kuma an ɗauke shi aiki. Kalma guda na yi. Nan wajen in na yi tari har Bature sai ya waiwayo.

Aikinmu kahwa hwalwaya, wato turakun wutar lantarki, daga nan har ƙasar Hwaskari. Lidiya ki zo ki ga ikon Allah. Tirakta ce ja, bayanta an rataya wani ƙarhe ya hi tsawon mutum, murɗaɗɗe kamar igiyar rijiya, kaurin turmi. Wani sandan ƙarhe ya hito daga gindin tiraktar shina juya shi, shi ake ce ma shaf. Mu Murɗiya muke ce ma injin. Ramin da ƙarti huɗu za su wuni suna haƙa, kahin ki gama dama hura ta gama ta tohwar da ƙasar gehe.

Direban wani Malam Zailani ne, mutumen kirki amma ba shi dariya. Ni ne na biyunshi. Wato dai yanzu shebur nike riƙewa ina kwashe ƙasa, amma don in san aikin tun daga tushe ne. Dokarshi guda, duk mai matsawa kusa da Murɗiya sai ya tuɓe. Ba riga, ba rawani, ba laya mai igiya, daga kai sai gajeren wando da singileti. Ya ce ita ba ta cizon mutum sai ta hwara kama tuhwarshi. Ranar hwarko da Gide ya tuɓe, wallahi na zata zalɓe ne ya sauka zango. Waɗanga ƙahwahu, mi kike ba shi ne a gida?

Ki gaida mutanen Sabuwa, ki ce masu wuta na nan tahe, ni zan kawo ta.

Ubangidanki,
Nata'ala

*

Unguwar Mani, ta Sabuwa
Fabrairu, 1976

Zuwa ga Nata'ala sarkin ƙarya,

Na samu takardarka hannun Idi mai motar auduga. Muna lafiya, Alheri tana gaishe ka, ta ce ina alewar da ka yi mata alkawari tun bara. Na ciki yana nan, ungozoma ta ce sai an yi shuka.

Baiwarka tana can inda ka bar ta. Ɗan kawu ne kai, ba ubangida ba, kuma na san tarin da Bature ke waiwayowa dominsa, na ƙura ne.

Na gode da ka tsaya wa uban Alheri. Amma ka ji abin da zan gaya maka ba da wasa ba. Aikin rani na yarda ya je, ba na shekara ba. Ina so in gan shi a gida kafin ruwan farko. Gonar fadama da ta tudu duk suna jiransa, ni kuwa ko sunkuyawa ba na iyawa yanzu, kuma ƙannensa duk sun tafi Ikko neman kuɗin zamani.

Ka san halinsa. Mutum ne mai kunya, ba ya iya cewa a'a, musamman ga dangina. In ka ce ya shiga wuta zai tambaye ka ta wace ƙofa. Kada ka ja shi cikin wasanninka. Abin nan da ka ce yana murɗawa, tun da na karanta nake mafarkinsa. Ku bi dokar Malam Zailani, ko ba ya dariya.

Ƙafafunsa kuwa ka bar mini abina, da su ya zo neman aurena daga nan har Daudawa.

Taubashiyarka,
Lidiya

*

Zangon kamfani, kusa da Hwaskari
Watan Maris

Lidiya baiwata ko kin ƙi ko kin so,

Gaisuwa da hwatan alheri. Muna lahiya, mijinki har ya yi kumatu, shinkahwa da sadin muke ci kamar 'yan Ikko. Ya sayi rediyo mai jaka zai kawo maki, amma kar ki ce na hwaɗa.

Ga babban labari. Kin san inda layin hwalwaya zai bi? Ta bakin Gidan Ɗanhausa na kusa da Daudawa! Ta gaban gidan Gwaggo, dab da rimin nan da na hwaɗo daga kai muna yara kika yi ta dariya. Ranar Jumma'a mai zuwa za mu iso wurin. Na riga na aika ma Gwaggo, na ce ta tara mutane su zo su ga ɗan wanta, wanda suka ce ba zai zama komi ba sai maroƙi, bisa injin Bature.

Za ki ce to ai ba kai ne direba ba. Saurara. Ran Jumma'a Malam Zailani shina tahiya masallaci Hwaskari da manyan, ya bar makulli ƙarƙashin kujera. Ni kin san Musuluncina sabo ne bai yi ƙwari ba, zan ce cikina ke ciwo. Wata biyu ina kallon hannunshi. Ka murɗa nan, ka taka can, ka ja sanda mai jan kai, shi ke nan. Rami guda kawai zan haƙa masu in aje, ko shi ba zai sani ba.

Matsala guda, ƙasar wajen marmara ce. In Murɗiya ta iske marmara sai ta yi ta juyi bisa ba ta shiga, sai mutum ya kama ƙarhen sama ya danna da nauyinshi. Malam Zailani ba shi so, amma in ya juya baya kowa na yi. Gide ne gwaninmu wajen danni.

To shi kuma ga abin da ya hana shi barci. Wai yaya za a yi surukarshi ta gan shi da gajeren wando, cinya waje, hammata waje? Ya ce tun da ya aure ki ko kanshi ba hula Gwaggo ba ta taɓa gani ba, in ya hango ta a hanya daji shike shiga. Ya ce shi dai a bar shi zango ranar. Na ce haba Gide, ranar girmanmu? Ina da babbar riga shuɗiya da na ɗinka da kuɗin ƙarin albashi, mai aska biyu, ko sau ɗaya ban sa ba. Na ce ka sa ta, ka naɗe hannuwan bisa kahwaɗa, Gwaggo ta ga ɗiyarta na auren babban mutum. Ya yi shiru, kin san shi, shirunshi eh ne.

Za ki ji labari har Sabuwa ba sai na rubuto ba.

Direban gobe,
Nata'ala

*

Unguwar Mani
Maris

Nata'ala,

Ban tsaya doguwar gaisuwa ba don Idi yana ɗaure kaya zai tashi. Muna lafiya.

Kada ka yi. Ina roƙonka da girman Allah da na Kawu da ke ƙasa, kada ka taɓa injin nan. Kai da bakinka ka rubuto mini cewa tufa take fara kamawa, yanzu kuma kai ne za ka sa masa babbar riga? In yana jin kunyar Inna, ka bar shi a zango kamar yadda ya roƙa. Inna ba za ta ji haushi ba, ita ma ba ta son su haɗu.

In kana so a yabe ka, ka saya wa Inna turmin atamfa, za ta yi maka kirari har Mairuwa.

Allah ya sa takardar nan ta riga Jumma'a.

Lidiya

*

Huntuwa
Watan Afrilu

Lidiya,

Gaisuwa. Ina hwatan kuna lahiya da Alheri.

Takardarki ta zo ran Lahadi.

Gide ya ɗan ji ciwo a hannu, muna asibitin Huntuwa ana duba shi. Shina ci shina sha, shina magana. Likita ya ce ba abin da zai samu ranshi. Kar ki tada hankalinki saboda cikin da ke gare ki, kar kuma ki ce za ki biyo hanyar nan, ta lalace.

Ina nan tare da shi dare da rana.

Zan sake rubutowa.

Nata'ala

*

Unguwar Mani
Afrilu

Zuwa ga Nata'ala,

Bayan gaisuwa, na ga takardarka. Na tsorata da na ga sunan asibiti, amma da na karanta ka ce ɗan ciwo ne na gode wa Allah. Yatsa ne ya murƙushe ko targaɗe ne? Ba ka faɗa ba. Kai da ke cika takarda ciki da baya, yau layi shida? Ko an ƙwace maka shebur ne?

To yanzu ka gani. Allah ya rufa asiri abin ya tsaya a nan. In ya warke kada ya koma wa injin, ya karɓi abin da ya samu ya taho. Jiya hadari ya haɗu ta gabas har iska ta kwashe mana shanya, maƙwabta duk sun gama sharar gona. Na roƙi Baba Yusufu maƙeri ya sa wa galmarsa sabuwar ƙota, ta ƙirya, mai nauyi irin yadda yake so. Tana nan jingine a ɗakinsa. Ka gaya masa.

Ga daddawa da kuka na ba Idi, a yi masa miya, na san abincin asibiti. Ka ce masa Alheri kullum tana zama bakin hanya da yamma.

Yaya kuma aka ƙare da ranar girmanku? Inna ta yi guɗa?

Lidiya

*

Unguwar Mani
Mayu

Nata'ala,

Sau biyu Idi yana zuwa hannu wofi. Ya ce ya same ka a bakin asibiti, da ka hango shi ka zagaya bayan gini.

Ba sai ka wahala ba. Inna ta zo. Tsohuwa ta hau motar itace daga Daudawa, inda mota ta kafe ta ƙarasa da ƙafa, don ta ce ba za ta bari in ji a kasuwa ba. Ta kwana biyu a nan kafin ta iya buɗe baki. Ga abin da ta gaya mini, in akwai ƙarya ka gyara.

Ta ce gari duk ya fito gindin rimi. Kana bisa tirakta da baƙin tabarau kana ɗaga wa mutane hannu. Uban Alheri ya fito daga bayan mota cikin shuɗiyar riga, ya cire takalmi, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ita kuma ta kawar da kai kamar yadda aka saba. Ka ta da injin, ƙarfen ya yi ta juyi a kan marmara bai shiga ba. Mutane suka fara dariya. Wani ya ce ashe tuwo take tuƙawa. Sai ka yi ihu, Gide danna mata! Ya naɗe hannuwan riga a kafaɗa ya kama ƙarfen. Ta ce da ya ɗago ido suka haɗa ido da ita, sai ya sunkuyar da kai ya juya mata baya, hannun rigar ya zamo daga kafaɗarsa.

Ta ce ba ta ga lokacin da injin ya kama rigar ba. Ta dai ga shuɗi yana naɗewa a jikin sandan, ta ji ƙara kamar an karya itace. Kana ta jan wannan kana jan wancan kana kiran Malam Zailani da ba ya nan, har injin ya shaƙe ya mutu don kansa. Da ya sake shi babu ko zare a jikinsa. Riga, singileti, wando, duk ta kwashe.

Maza suka tsaya kamar an dasa su. Inna ce ta kwance mayafinta ta yaga, ta ɗaure masa sama da gwiwar hannu da haƙoranta, ta rufe shi da sauran. A cinyarta ya kwanta cikin mota har Funtuwa.

Ɗan ciwo a hannu, ka ce. Ka bar ni ina aika masa labarin ƙotar galma. Ka karanta masa wannan? Da wane baki?

Ban tambaye ka dalili ba, na san dalili, tun muna yara na san shi. Abu ɗaya nake tambaya. Yaushe mijina zai dawo gida?

Lidiya

*

Huntuwa
Watan Mayu

Lidiya,

Ina gaishe ki in za ki amsa. Jikin Gide da sauƙi, ciwon ya kame, ya hwara zagaya tsakar asibiti.

Ba ƙarya cikin abin da Gwaggo ta hwaɗa ko ɗaya. Hannun dama ne. Sun yanke shi sama da gwiwa tun daren da muka zo. Na zauna da biro ya hi sau goma in rubuta maki, in na kai wurin sai hannuna ya ƙi. Maganar galma ban karanta mashi ba, na ce kin ce a gaishe shi. Daddawar na ba wata mata tana yi mashi miya.

An kore ni, wannan daidai ne. Amma an kori Malam Zailani shi ma, don ya bar makulli. Mutum mai 'ya'ya takwas. Ya zo duba Gide da lemu a hannu, ya wuce ni a ƙohwa. Da ya zage ni da na ji daɗi. Sai ya ce sannu Nata'ala, ya jiki. Tabarau ɗin na jehwa a masai.

Ni ke ba shi abinci, ni ke yi mashi wanka, ni ke ɗaure mashi wando. Bai taɓa ce mani kai ka ja ba. Shekaranjiya ma cewa ya yi in yi haƙuri ya ɓata mani sabuwar riga. Lidiya na hita waje na zauna bayan ɗakin wanki, ban san tsawon zaman da na yi ba.

Yanzu ga amsar tambayarki, kuma ita ce ta hi wuya. Ya ce ba zai dawo ba.

Na zata don hannun ne. Na ce Gide mutum nawa ke noma da hannu guda, ga Ɗan Baba na Mairuwa har hwarauta shike zuwa. Ya ce ba hannu ba ne. Ya ce, Nata'ala, surukata ta gan ni yadda uwata ta haihe ni, gaban garinsu duka. Na kwanta bisa cinyarta ina kuka ina kiran inna kamar yaron goye, na ɓata mata zane da jini da abin da ya hi jini. Da wane ido zan dube ta? Da wane ido zan dubi ɗiyarta? Duk bikin da za a yi a danginku sai an nuna ni.

Akwai wani a gadon kusa da shi, ya ce mashi a Kaduna kamfanoni na ɗaukar masu gadi ko da hannu guda. Ya ƙudura in an sallame shi can za shi, inda ba wanda ya san shi. Ya ce in rubuta maki ki yi haƙuri, zai riƙa aiko da abin da ya samu, rediyon ma ya ce in ba Idi. In an haihu namiji a sa mashi sunan baban Gide.

Na yi magana har bakina ya bushe. Ni da ke sa kasuwa dariya, na kasa juya mutum guda. Kuma mi zan ce? Duk sanda na buɗe baki sai in tuna bakin nan ne ya ce mashi danna.

Likita ya ce sati mai zuwa ko na sama za a sallame shi. Ban san abin yi ba. Ke kika yi makarantar mishan, ki gaya mani.

Nata'ala

*

Unguwar Mani
Mayu

Nata'ala,

Na karanta. Da zan iya hawa mota da ka gan ni kafin takardar nan, amma ƙafafuna sun kumbura, ungozoma ta ce ko bakin rafi kada in je.

Na karanta wa Inna ita ma, ban tsallake ko layi ba. Sai ta ce ita ma tun ranar take cewa da ta zauna a ɗaki da bai juya baya ba. Daga nan ta tashi ta hau jiƙa dawa. Za ta biyo Idi a zuwansa na gaba.

Ban san abin da za ta yi ba, ba ta gaya mini ba. Kai dai aikinka ɗaya. Kada ka bari ya fita asibitin nan kafin ta iso, ko da za ka kwanta a bakin ƙofa. Kuma kada ka gaya masa tana tafe, zai gudu.

Rediyon ka riƙe. Wanda ya saya shi zai kawo.

Lidiya

*

Huntuwa
Watan Yuni

Lidiya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya nauyin jiki? Gide lahiya, an cire zare.

Gwaggo ta iso ran Talata da hantsi, da ƙwarya bisa kai. Takalmanshi na ɓoye tun ran da takardarki ta zo, na ce ɓarayi ne, don haka shina nan.

Ina zaune bakin gado na ga ta shigo ɗakin maza kai tsaye, ma'aikaciya na bin ta tana Baba ba lokacin ziyara ba ne. Ko waiwaye. Gide na hango ta ya ja bargo ya ruhe har kai, ya juya ga bango. Na miƙe in ba ta kujera. Ta wuce kujerar ta zauna bisa gadon. Bisa gadon surukinta, Lidiya, har katihwa ta lotsa.

Sai ta ce, Gide.

Kin san tun da aka yi aurenku sunan nan bai taɓa hita bakinta ba, sai dai ta ce mutanen Sabuwa.

Ta ce Gide da kai nike, buɗe ka ci tuwo.

Daga cikin bargo ya ce, Inna don Allah ki yi mani rai ki tahi.

Ta ce aradu ba inda za ni. Ta ce surukina na baro shi can gindin rimi, injin ya cinye shi da rigarshi. Wanda na ɗauko bisa cinyata ɗa ne. Maza biyar na haihwa na wanke masu kashi, mi ke gare ka da ba su da shi? Naka ma bai kai na wasu ba.

Wani tsoho mai karyayyar ƙahwa ya tuntsire da dariya, ɗakin duka ya ɗauka. Na ga bargon na girgiza, ban sani ba kuka ne ko dariya, ina jin duka biyun.

Ta buɗe ƙwarya, tuwon dawa miyar karkashi, ta ja bargon da kanta. Ta wanke hannu ta wanke mashi na hagun, ta sa hannunta cikin ƙwaryar ta ce sa naka. Ya ce Inna tare? Ta ce da wa kake so in ci, da likita? Ya sa hannu. Loma ta hwarko ta zame ta hwaɗi bisa zanen gado, karkashi da hagu sai an koya. Ta ɗauke ta cinye abinta ta ce sake. Haka suka yi har suka ga gindin ƙwarya, kanshi sunkuye, hawaye na ɗiga, amma shina ci.

Da suka gama ta ce Kaduna kuma, in ka tahi can zan biyo ka da ƙwaryar nan in zauna bakin ƙohwar kamfanin ina kiran sunanka har su kore ka. Ya ce ba za a yi haka ba Inna. Ta ce to.

Ni duk wannan ko kallona ba ta yi ba. Na gaishe ta sau ukku. Sai da za ta tashi ta ce, kai kuma mai tabarau. Na durƙusa. Ta ce ƙahwarka ƙahwarshi har Unguwar Mani. Hannun da ka cire, naka zai yi noman bana, da na baɗi, har ya koyi yi da guda. Na ce to Gwaggo. Ta ce kuma a can ba a noma da baki.

Za a sallame mu ran Asabar, Idi ya ce zai ɗauke mu ran Litinin in hanya ta yarda. Gide ya ce in roƙe ki kar a tara mutane, kuma wai mu iso bayan magariba.

Ni ma ina da roƙo. Zan kawo shi har bakin rahi in tsaya nan. Akwai bukkar masu gadin gona, ta ishe ni, daga can zan riƙa zuwa aiki in koma. Ba sai kin gan ni ba. Ban iya haɗa ido da ke, ban iya haɗa ido da Alheri. In kin amince ki ba Idi amsa.

Ɗan kawunki,
Nata'ala

*

Unguwar Mani
Yuni

Nata'ala,

Ban amince ba.

Ka gaya wa uban Alheri ba za a tara kowa ba, amma da rana zai shigo gidansa, ta ƙofar gaba. Ba sata ya yi ba.

Kai ma haka. Bukkar bakin rafi ta masu korar birai ce. Kai za ka riƙo masa jaka, ka shigo bayansa, ka tsaya a tsakar gida in dube ka. In Alheri ta tambayi inda hannun babanta yake, kai za ka ba ta amsa, ina tsaye.

Ban yafe ba tukuna, kada in yi maka ƙarya, kuma ban san ranar ba. Amma an share maka ɗakin zaure, an yi ruwa jiya ƙasa ta jiƙu, iri yana cikin tulu.

Ku taso da wuri.

Lidiya